Maƙerin Tafkin-Azurfa da Jarumin da Ba Ya Mutuwa

Masu riƙe da asalin gidaje sun ce a birnin Tafkin-Azurfa, birni mai ƙofa goma sha ɗaya da ganuwa doguwa-doguwa wadda sai shaho ya huta sau biyu kafin ya haye ta, an yi wani gidan maƙera wanda wutarsa ba ta taɓa mutuwa ba tun daga kaka na tara. Mai gidan shi ne Sarkin Maƙera Barmo, ɗan Gajere, ɗan Nomau, haka dai har a dangana da Korau Baƙin Ƙarfe, wanda ya hura wutar da hannunsa. Shi Korau ɗin nan ne aljanu suka ara daga hannun sarkin zamaninsa, suka tsallaka da shi tekun duhu zuwa ƙasar Sikotlan, ƙasar duwatsu da yayyafi, don ya ƙera wa mutanen can takubba a yaƙin da gidajensu suka gwabza da juna. Ya yi shekara uku, ya dawo da tabo goma sha huɗu, duk a gaban jikinsa, bai kuwa cika ba da labari ba. Barmo yana da ɗa namiji guda, Cindo, baƙi wuluk, ƙaƙƙarfa, mai faɗin kafaɗa da tsadar magana, wanda ya kai shekara talatin bai taɓa kwana a wajen ganuwa ba.

Ana zaune lafiya, sai Sarkin Aljanu Damƙarau, mai gemun hayaƙi, mai fada ƙarƙashin dutse bakwai, ya aiko wa kowane birni da wani madubi ƙato-ƙato, aka kafa shi a bangon kasuwa. Duk ranar Asabar bayan la'asar madubin nan sai ya buɗe, a ga mutane a ciki suna magana suna sara, ana nuna jaruntakar wani Fargusu na Sikotlan, wanda aka ce ya sha ruwan wata rijiyar aljanu, mutuwa ta daina ganinsa, shekara ɗari tara ke nan. Dogo ne a madubin, santalele, gashi har kafaɗa, in ya zare takobi sai mata su dafe ƙirji. Kuma la'ananne madubin nan ba ya rufewa sai daidai lokacin da aka ɗaga takobi za a sara, a bar mutane da baki buɗe har wata Asabar. Gonaki suka cika da ciyawa, tuwo ya riƙa ƙonewa, har liman an taɓa kama shi yana leƙe ta bayan rumfar mai goro. Da aka ga mako ya yi wa jama'a tsawo, sai aka shiga zuba labarin a littattafai, na ɗaya, na biyu, har na arba'in, kowanne ya fi na bayansa ƙiba.

To, a cikin madubin da littattafan nan akwai wani baƙon maƙeri mai suna Korau, wanda aka mai da shi abin dariya. An ce ranar yaƙin Mashigin Jini takobin da ya ƙera wa Fargusu ya karye kamar kara, shi kuwa ya kwasa a guje ya faɗa ɗakin tumaki, ya lulluɓa da ulu yana makyarkyata, Fargusu ya tare mashigin shi kaɗai da guntun takobi. Kai, jama'a, duniya da abin haushi take! Mutanen da kakanninsu suka ci abinci da garmar gidan Korau su ne suka riƙa kukan tunkiya in Barmo ya wuce. Aka daina kawo musu ko gyaran lauje.

Sarki Dankaro ɗan Tsagarana, toron giwa, hadarin gabas, wanda ya haddace littattafan nan fiye da yadda ya san iyakar ƙasarsa, ya sa aka kira Barmo gaban fada. Ya ce, "Sarkin Maƙera, mun ji kunya da sarautar da ke kanka. Jikan mai kwana cikin tumaki ba ya ƙera mana makami. Za a zuba wa wutarku ruwa, ku fita mana daga gari."

Tsoho ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, tabon kakana a ƙirji yake, kakata ta ji daga kakarta."

Sarki ya ce, "Kakarka ta rubuta littafi nawa? Nan arba'in ne, ga kuma madubi mun gani da idonmu, gani kuwa ya kori ji."

Sai Cindo, wanda ba a taɓa jin muryarsa a fada ba, ya matso ya durƙusa ya ce, "Zaki, in an ce mutumin nan ba ya mutuwa, ai ke nan shaida na da rai. A ba ni wa'adi in je in zo da shi." Fadawa suka tuntsure da dariya, sarki kuwa da ya ji za a kawo masa Fargusu har gida, sai da idonsa ya yi ƙyalli. Ya ba shi kwana arba'in, ya kuma sa aka ajiye tulu cike da ruwa a ƙofar maƙera, don in wa'adi ya cika kada a tsaya neman guga. Barmo ya koma gida ya zauna gaban wutar, ya ce daga yau ba mai sa mata gawayi sai shi.

Cindo ya saɓa jakar kayan aikinsa, masaba da awartaki da zugazugin fatar akuya, ya nufi dutse bakwai. Ya ratsa dajin da itatuwa ke gulmar matafiya, ya haye kogin da ke gudu sama, ya wuce birnin tagulla inda mutane ke tafiya da baya don kada su ga gobe, ranar ashirin ya isa fadar Damƙarau. Fada ce ta lu'ulu'u da murjani, ginshiƙai dubu, kowanne da macijin zinariya a naɗe, amma abin da ya fara gani a tsakar gidan shi ne aljanu tsirara-tsirara suna shafa jan garura a jiki a matsayin jini, suna sara da takubban kara, wani dogon aljani mai gashin doki a ka yana zaune ana yi masa fifita. Wannan shi ne Fargusun madubi. Da Cindo ya gan shi yana sakace haƙori, sai ya ji zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

Aka kai shi gaban Damƙarau, ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ba ku labarin kakana?"

Sarkin Aljanu ya shafa gemun hayaƙinsa ya ce, "Ya kai ɗan Adam, mu ba ma ƙaga komai. Daga littattafan Babban Marubuci Sululu muke ɗauka." Aka kira Sululu, wani ƙanƙanin mutum mai yatsu baƙi-baƙi da tawada, wanda aljanu suka ajiye a fadar yana rubuta littafi ɗaya duk sabon wata. Ya ce, "Allah ya kiyaye in yi ƙarya! Ni abin da na gani a madubi nake rubutawa."

Cindo ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce, "A cikinku wa ya taɓa taka Sikotlan?"

Sululu ya ce, "Haba, da sanyin nan? Ai an ce can rana sai ta yi wata ba ta fito ba." Damƙarau kuwa ya ce, "Kai ma ka faye tsanani. Jarumi ba ya haske sai an ajiye matsoraci kusa da shi, kakanka kuwa baƙo ne a ƙasar, ba shi da dangin da za su yi mana bore. Mun ɗauka ba zai sami mai bin bahasi ba."

Duk da haka ya ce zai sa a kai Cindo wurin Fargusu na gaske, da sharaɗi guda wanda jarumai bakwai suka faɗi a kansa: ya zauna Sululu ya karanta masa littattafan arba'in daga farko har ƙarshe ba tare da ya yi gyangyaɗi ba. Wallahi da an ce ya kashe dodo mai kai tara da ya fi masa sauƙi. Kwana goma sha biyu Sululu na karatu da muryarsa mai kama da kukan sauro, Cindo na danne babban yatsansa da awartaki duk lokacin da ido ya fara nauyi. A ciki ya ji matar Fargusu guda ɗaya ta mutu sau huɗu, ya ji an ci gari ɗaya sau shida ba a taɓa cewa an sake gina shi ba, ya ji kakansa ya shiga ɗakin tumaki da ƙafa biyu a littafi na tara, a na talatin kuma an ce tun haihuwa gurgu ne. Da aka rufe na arba'in, rabin fadawan aljanu na minshari, Cindo na zaune da kumburarren yatsa. Damƙarau ya cika alkawari, ya sa wata guguwa ta ɗauke shi.

Guguwa ta dire shi a Sikotlan, ƙasa koriya shar, jiƙaƙƙiya, mai duwatsu tsirara da tafkuna baƙaƙe, inda yayyafi ba ya sallama ba ya ban kwana. Mazan ƙasar jajaye ne, gemu buzu-buzu, suna ɗaura zane mai gidan dara iya gwiwa, kowane gida da irin zanensa, suna busa wata algaita mai salka wadda in ka ji ta daga nesa sai ka ce akuya ake yankawa da dakusasshiyar wuƙa. Ya tambayi gidan Fargusu, aka nuna masa wani tsohon ginin dutse a kan tsauni, rabinsa ya zube. A ciki ya tarar da wani gajeren mutum mai tumbi da sanƙo, ya ƙudundune cikin bargo, gabansa ƙaramin madubin aljanu, gefensa tarin littattafan Sululu, yana shan kunun wani hatsi da aka sa wa gishiri. Ba bara ba baiwa, duk sun mutu sun bar shi tun zamanin da.

Cindo ya yi sallama ya ce, "Ya shugabana, Fargusu nake nema, zakin duwatsu, wanda kabari ya yi fushi da shi."

Mutumin ya gyara bargo ya ce, "Ga shi kana magana da shi."

An ce kowa ya daɗe ya ga daɗau, amma ba a ce zai tuna abin da ya gani ba. Da Cindo ya tambaye shi ranar Mashigin Jini, sai Fargusu ya lashi yatsa ya buɗe littafi na tara, ya shiga karanta masa. Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na littafi na zo ji ba, na kanka nake so." Fargusu ya ce, "Ɗan samari, shekara ɗari tara ba wasa ba ce. Kaina ya cika ya tumbatsa tun tuni. Abin da na sani game da kaina, a nan nake duba shi, kuma ka ga ai da ni aka yi, ga sunana a rubuce." Kwana uku Cindo na lallashi, yana kawo sunan Korau ta gabas yana kawowa ta yamma, ko gezau. Ya lissafa kwanakin wa'adi, ya tuna ubansa zaune gaban wuta da tulun nan a bakin ƙofa, sai ya fita bayan ginin ya yi kuka irin na manya, wanda ba a so a gani.

Da safe ya ɗaura kayansa zai tafi, sai ya lura ƙugiyar da ake rataye tukunyar kunu ta karye, an ɗaure ta da tsumma. A gidan su Cindo kuwa abin kunya ne maƙeri ya ci abincin gida ya fita ya bar karyayyen ƙarfe a cikinsa. Ya kwance jaka, ya tona rami, ya kafa zugazugi, ya tara gawayi. Maƙera kuma tana da ladabinta: in ba mai zuga, duk wanda ke kusa shi zai zauna ya kama, ko ɗan sarki ne. Cindo ya ce, "Shugabana, zauna ka zuga mini." Fargusu ya hura hanci ya ce shi ba a taɓa sa shi aiki ba a littafi ko ɗaya. Cindo ya ce, "To, ka sha kununka a ƙasa." Jin haka jarumi ya zauna.

Zugazugin ƙasar Hausa fata biyu ne, kuma baƙo ba ya iya su a rana ɗaya, don sai hannu ya san lokacin buɗe baki da lokacin damƙewa, dama na sauka hagu na tashi. Amma Fargusu na sa hannu sai fatun suka kama numfashi, fuf-fuf, fuf-fuf-fuf, biyu sannan uku, wuta ta tashi fara tas. Masaba ta kusa faɗuwa daga hannun Cindo, don wannan bugun na gidansu ne, ba mai yin sa a duk ƙasar sai wanda ya koya a gaban wutar Korau. Ya ce, "Wa ya koya maka wannan? A wane littafi yake?"

Fargusu ya ci gaba da zuga. Hannuwansa na ta aiki, idonsa na kan wuta, fuskarsa na sauyawa. Can ya ce a hankali, "Wata bakwai na yi ina masa zuga. In na yi kuskure sai ya ƙwanƙwashe ni da awartaki, ya ce ba ruwansa da rashin mutuwata." Hawaye suka gangaro cikin gemunsa. "Takobin bai karye ba. Yar da shi na yi. Ni ba na mutuwa, amma wallahi sara da zafi, kuma ba wanda ya sha shi kamar ni. Da na ga mashin farko sai ƙafata ta yanke mini shawara. Korau ne ya ɗauki takobin ya tare mashigin har rana ta faɗi, ni kuwa ina can cikin tumaki. Da aka fara rera waƙar yaƙin aka sa sunana a wurinsa, ban ce a'a ba, shi ya riga ya tafi gida. Daga baya ni ma na yarda."

Cindo ya ce, "Sai ka zo ka faɗi haka a gaban sarkinmu." Fargusu ya ce, "Kai ka san abin da kake nema? Ku in kun ji kunya ƙasa na rufa muku asiri. Ni tawa ba ta da ranar ƙarewa." Cindo ya tsoma ƙugiyar cikin ruwa ta yi cuu, ya ce, "Shekara ɗari uku kana cin abincin kakana, yau an zo wanke kwano. Tashi mu tafi." Ko kunya ce ta kama shi, ko kuwa tsoron awartakin da ke hannun Cindo, masu labari sun yi saɓani, amma dai ya tashi ya bi shi cikin guguwar da ta kawo Cindo.

Suka sauka a Tafkin-Azurfa ranar da wa'adi ke cika, dogarai sun riga sun ɗaga tulun. Gari ya ɗauka Fargusu ya iso, aka yi ca a ƙofar fada, mata da kwalliya, sarki da alkyabbar da ba ya sa ta sai idi. Sai ga wani gajere mai tumbi, da zane iya gwiwa, yana share gumi. Ya tsaya ya faɗi gaskiya tiryan-tiryan, bai rage komai ba. Nan take aka fashe da ihu. Sarki ya fusata ya ce, "Wannan buhun ne Fargusu? Mu za a raina wa hankali? Mun san Fargusu, duk Asabar muna ganinsa! Maƙeri, ka je ka yi hayar tsohon banza."

Cindo ya ce, "Zaki, ai gwajin ba shi da wuya." Sarki ya ce, "Haka ne. Sarkin Baka, ɗana masa kibiya. In shi ne, ba abin da zai same shi."

Tirƙashi! Hali zanen dutse. Fargusu na ganin an ja tsarkiya sai ya ƙwalla ƙara, ya tattare zane, ya ratsa tsakiyar fadawa yana ture hakimai, kibiya ta same shi a baya, bai ko waiwaya ba. Ya haye katangar da ko saurayi sai ya yi shawara, ya faɗa ɗakin ragunan sarki, ya kutsa ƙarƙashin wani babban rago. Da dogarai suka jawo shi ta ƙafa, suka zare kibiyar, sai ramin ya haɗe a gaban idon kowa, ko tabo bai bari ba. Ba wanda ya sake tambayar ko shi ne, ba kuma wanda ya sake tambayar wa ya kwana cikin tumaki a Mashigin Jini. Sarki ya daɗe yana duban ƙasa, abin da ya fi ƙona masa rai kuwa ba zaluncin da ya so yi ba ne, littattafai arba'in da ya haddace ne.

Nan take aka mai da tulun inda aka ɗauko shi, aka yi shela an wanke gidan Korau, sarki ya naɗa wa Cindo rawanin Sarkin Maƙera da yardar ubansa, ya ƙara masa da doki da gonar fadama. Waɗanda suka yi kukan tunkiya su ne a sahun gaba wajen guɗa da kirari, kowa na rantsuwa shi dama bai taɓa yarda da madubin nan ba, ko da yake ranar Asabar ba a rasa ko ɗayansu a bangon kasuwa ba.

Da taro ya watse, Fargusu ya bi Cindo har maƙera. Suka tarar da Barmo a inda aka bar shi, ya rame ya zama ƙashi da fata, hannuwansa baƙi-baƙi da gawayi, wuta na ci. Fargusu ya zube a gabansa ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Tsoho ya dube shi, wannan da ya girme shi da shekara ɗari takwas da ɗoriya yana kiransa baba, ya ce, "Nawa na yafe, ba shi da yawa. Amma babban laifin ba ni ka yi wa ba, Korau ka yi wa. Ni kam na kusa, in Allah ya yarda ba da daɗewa ba zan je in same shi in ce masa an wanke shi. Kai fa, ta wace hanya za ka je?"

Fargusu ya ja jiki ya zauna gaban zugazugi. Ya kama zuga, Cindo ya sa ƙarfen garma a wuta. Allah ya ba mu kwana mai albarka ko da kaɗan ne, ya sa mu tafi da sunanmu a wanke, Shi kaɗai ne Mai dawwama.